Kyamara a gida da na'urar bin sawun babur: Baba yana da gaskiya?

Wani ɗan uwa Ba'adare da ke bida a Abijan ya aiko mini tambaya. Ya gina gida a Tawa, iyalinsa da mahaifinsa suna ciki, kuma yana da babura biyu da yara ke kabu-kabu da su. Ƙanensa ya matsa masa a sa kyamarori a gidan yadda zai riƙa gani ta salula daga can, a kuma sa wa baburan na'urar bin sawu. Tsohon nasu ya ƙi. Ya ce kayan banza ne, ɓarawo ba ya tsoron su, kuma shi bai yarda wanda bai sani ba ya riƙa leƙa masa gida. Ɗan uwan yana so ya ji ko tsoron tsufa ne kawai, ko kuwa Baba yana da gaskiya.

Ɗan uwa, Allah ya ba da sa'ar bida, ya maido ka lafiya. Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa wanda ke cin abinci da wannan sana'a ya ce maganarsa tana kan hanya. Na daɗe ina hawa tsani ina kafa kyamara a shaguna da gidaje tsakanin Tawa da Ƙonni, kuma da kowane mai gida zai yi mini tambayoyin da Baba ya yi, da aikina ya fi haka tsabta. Inda zan ɗan saɓa masa shi ne wajen wanda ya kamata a ji tsoro. Shi yana hangen baƙo na nesa. Baƙon yana nan, zan zo kansa, amma a abin da idona ya gani, mai leƙen ya fi zama na kusa.

Bari mu fara da cewarsa ɓarawo ba ya tsoron ta. Kyamara ba ta da hannu, ba ta kama kowa, ba ta ihu unguwa ta fito. Shaida ce, kuma shaidarta tana da iyaka da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ta ce kafin a gane fuskar mutumin da ba a sani ba, sai hoton ya samu ɗigo, wato 'yan ƙwayoyin da ke haɗuwa su zama hoto, kamar 250 a kowace mita. Kyamarar da aka fi sayarwa tana da ɗigo 1920 a faɗi, ka ga ke nan idan ta ɗauki fili da ya wuce faɗin mita 7 zuwa 8, fuska ta fara narkewa. Mai buɗaɗɗen ido, wadda ke ɗauko layi gaba ɗaya har ta burge mai saye, ba ta gane fuska sai mutum ya matso kamar mita 4 ko 5. Sannan ka tuna a ina muke. A Adar, namiji da rawani ya rufe hanci da baki ba abin da zai sa kowa ya waiga ba ne, balle lokacin hunturu da ƙura.

An taɓa kirana da sassafe wani shagon kayan masarufi kusa da babbar kasuwa, an fasa shi da dare. Mai shagon ya zauna kan buhun shinkafa, ni ina mayar da hoton baya, maƙwabta sun cika ƙofa. Muka gan shi ya shigo, ya kunna fitilar salula, ya nufi akwatin kuɗi kai tsaye kamar wanda ya san wurin. Ya yi kusan minti goma a ciki. Abin da muka samu shi ne saman rawaninsa da kafaɗunsa, domin wanda ya kafa kyamarar ya kai ta can ƙarƙashin kwano don kada a sace ta. Mai shagon ya yi ta cewa in ƙara girman hoton. Na ƙara, ya zama dusu-dusu. Abin da ido bai ɗauka ba tun farko, babu na'urar da za ta ƙirƙiro shi.

Wannan ma an yi sa'a tana aiki. Na sha buɗe akwatin naɗi, wato wanda ke ajiye hoton da kyamara ta ɗauka, in tarar faifan ya mutu tun watanni, allon yana nuna hoto garau amma ba abin da ke shiga ajiya. Na sha tarar da agogon akwatin ya koma shekarar da aka ƙera shi saboda ɗaukewar wuta, hoton da ba shi da rana da lokaci kuwa ƙarfinsa kaɗan ne a gaban hukuma. Kyamara ɗaya da ke naɗa dare da rana tana iya cin giga 10 zuwa 20 a yini, don haka ɗan katin giga 32 da ake haɗawa da ita kwana biyu ko uku yake riƙewa, sai sabo ya hau kan tsoho. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke dafa ƙananan na'urori a ƙarƙashin kwano, ga ƙura da ke rufe gilashin, ga ƙwari da yanar gizo-gizo da ke taruwa a fitilarta ta dare. Ga uwa uba wuta. Kowa ya tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, yadda garuruwa suka kwana cikin duhu. Kyamarar da ba ta da batir ko faranti mai zuƙar rana tana yin barci ne daidai lokacin da ɓarawo ya fi son fita.

Ban ce ba ta da amfani ba. A kan akwatin kuɗi, a ƙofar sito, a wurin da ake sauke kaya ana ƙirgawa, tana kashe gardama da yawa, kuma ta sha wanke yaron shago da aka so a ɗora wa laifin da ba nasa ba. Wannan kaɗai ya isa in ci gaba da kafa ta. Amma idan kuɗin na abu ɗaya ne, ƙofar ƙarfe mai kyau da kwaɗo na ƙwarai da fitila mai haska ƙofar gida duk dare sun riga ta.

Yanzu maganar leƙe, wadda ita ce mai nauyi. Ka tambayi kanka ta ina hoto zai bi daga Tawa ya same ka a Abijan. Yawancin kyamarorin nan masu araha, da zarar sun samu intanet, sai su kira rumbun, wato babbar kwamfutar kamfanin da ya ƙera manhajarsu, wanda ke wata ƙasa. Kai ma wayarka can take zuwa ta ce tana neman kyamara mai lamba kaza, rumbun ya haɗa ku. Wato tsakaninka da tsakar gidanka akwai na uku, ba ka san shi ba, ba ka san ma'aikatansa ba. Abin da ya raba hoton gidanka da sauran duniya lambar kyamarar ce da kalmar sirri. Kalmar sirrin kuwa sau da yawa ita ce wadda ta fito da ita daga kwali: admin, 12345, ko ma babu.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2014 an gano wani shafi mai suna Insecam da ya tara hoton kai tsaye na kyamarori sama da 73,000 daga ƙasashe daban-daban, shaguna da falo da ɗakunan yara. Mai shafin bai fasa komai ba, kalmar sirrin kamfani kawai ya gwada ta buɗe. A 2016 wata muguwar manhaja da ake kira Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da aka san na'urori na fitowa da su, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan naɗi, aka haɗa ƙarfinsu ranar 21 ga Oktoba aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix a Amurka na tsawon sa'o'i. Masu kyamarorin ba su ma san an yi aiki da kayansu ba. Abin ya kai Birtaniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki a Afrilun 2024, da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta bai ɗaya mai sauƙin zato. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu wannan dokar ba ta hau kansu ba.

Kada kuma ka ce ai sai ka sayi mai tsada ka huta. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta tuhumi kamfanin Ring, mallakar Amazon, da cewa a 2017 wani ma'aikacinsa ya yi watanni yana kallon dubban bidiyon mata aƙalla 81 daga kyamarorin da suka sa a ɗakunan kwana da banɗaki. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8. A Fabrairun 2024 kamfanin Wyze da bakinsa ya sanar cewa masu kyamarorinsa kusan 13,000 sun buɗe manhaja sun ga hotunan gidajen wasu, saboda kuskuren na'ura. Idan haka ta faru inda ake da hukumar da ke cin tara, me kake zato game da kyamarar da ko sunan kamfani babu a kwalinta?

To amma da ɗan gari akan ci gari, kuma a nan zan faɗi abin da ya shafi 'yan sana'ata. Mai gida ya sayi kyamara, bai iya haɗa ta ba, ya kira yaro. Yaron ya buɗe asusun da lambar wayarsa shi, ya haɗa kyamarar a salularsa don gwaji, sannan ya raba wa mai gida. An biya shi ya tafi. A idon manhaja shi ne mai kyamarar, mai gida baƙo ne da aka ba izinin kallo. Wata rana wani matashi da ke wannan aiki ya miƙo mini wayarsa in duba masa wata matsala, na ga jerin gidaje da shaguna a cikin manhajar, kowanne da sunan mai shi. Ya taɓa ɗaya don ya nuna mini inda hoton ke yankewa, sai ga tsakar gidan mutane: wata baiwar Allah tana tsugune gaban murhu da ɗaurin ƙirji, yaro yana wasa da bokiti a gefenta, har ƙarar ludayi muna ji. Na kifa wayar. Ba na jin yaron mugu ne, bai ma ga abin a matsayin laifi ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Wayar nan tana kwana a wurin caji, abokai suna karɓa, wata rana za a sayar da ita ko a sace.

Tun daga ranar ba na kafa kyamara da ke kallon tsakar gida, ko nawa za a biya ni. Tsakar gida wurin da mace ke ajiye mayafi ne, wurin wanka da wankin yara, wurin da ake faɗar maganar da ba a so ta wuce zaure. Yawancin kyamarorin nan suna da kunne, suna ɗaukar murya. Addininmu ya hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, yana nan a aya ta 27 ta Suratun Nur, kuma aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Magabatanmu da suka gina zaure suka karkata ƙofarsa don kada na waje ya hango ciki sun san abin da suke karewa.

Ka yi mini haƙuri in ƙara wata magana da ba ka tambaya ba, don na ga inda take kaiwa. Mutumin da ke nesa da iyalinsa, kewa tana damunsa, idan aka ba shi ido a cikin gida ba ya iya daina kallo. Yau wa ya shigo, gobe me ya sa ta daɗe a maƙwabta, jibi me ya sa hoton ya ɗauke da la'asar, alhali wuta ce aka ɗauke. Ita kuma uwargida ta san ana kallon ta a gidanta, ba ta da inda za ta miƙe ƙafa. Na san gidan da aka kira ni in cire abin da aka biya aka kafa, bayan an kai ga surukai sun shiga tsakani. Idan har za a sa wani abu, ko a ƙofar waje ne, a gaya mata, a ji ta bakinta.

Haka maƙwabta. Katangunmu ba su da tsawo, kyamarar da aka ɗaga sama tana tsallaka su. Hoton mutum da muryarsa bayanansa ne a idon doka. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 a Mayun 2017, aka maye gurbinta da mai lamba 2022-59 a Disambar 2022, kuma aka ɗora wa hukumar HAPDP a Yamai kula da wannan. Akwai kuma dokar laifukan intanet mai lamba 2019-33, wadda gyaran da aka yi mata a Yunin 2024 ya maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta hanyar na'ura. Na kawo ta ne saboda ɗabi'ar nan ta watsa bidiyo a zaurukan WhatsApp ana cewa ga ɓarawon. Da hoto dusu-dusu irin wanda na ba ka labari, sai a ce ya yi kama da ɗan wane, kafin azahar an ɓata yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Hoton sata komisariya ake kai shi.

Na'urar babur kuwa na fi yarda da ita, da sharaɗi. Ƙaramin akwati ne da ake ɓoyewa a jikin babur, yana gane inda yake ta tauraron ɗan Adam, amma ba ya iya gaya maka sai da layin waya a cikinsa. Layin ya ƙare kuɗi, ko kamfani ya rufe shi don an daɗe ba a sa masa komai ba, ko babur ya shiga dajin da ba rezo, shi ke nan ta yi shiru. Daga Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya taku kaɗan ne, kuma layin da ba a buɗe masa aiki a ƙetare ba yana mutuwa da an tsallaka iyaka. Ɓarayin da suka ƙware sun san inda ake ɓoye ta, ƙarƙashin sirdi ko kusa da batir, can suke fara dubawa. Amfaninta yana cikin sa'o'in farko, kuma aikinka a lokacin shi ne a kai wa 'yan sanda ko jandarma wurin da ta nuna. Kada ƙanenka ya tara abokai su bi sawu da kansu, babur bai kai rai ba.

Ita ma tana da ciwon kalmar sirri. A Yulin 2022 masu bincike na kamfanin BitSight sun nuna cewa wata na'urar bin sawu da ta yaɗu a duniya, MiCODUS MV720, tana fitowa da lambar sirri 123456, kuma wanda ya shiga yana iya ganin inda abin hawa yake, har ya yanke masa mai daga nesa. Irin waɗannan na'urori da yawa da saƙon waya ake ba su umarni: duk wanda ya san lambar layin da ke ciki da waɗannan lambobi shida ya zama mai babur. A canza ta ran da aka sa. Yaran da ke tuƙawa a gaya musu an sa, haƙƙinsu ne su sani. Maɓallin kashe inji kuma kada a taɓa shi babur yana gudu, wataƙila akwai mace da goyo a baya.

Akwai abin da Baba bai ambata ba, wanda ya fi kyamara da na'urar babur zubar da asiri, kuma yana aljihun kowa a gidan. Mutum zai ƙi kyamara, amma ya miƙa salularsa a buɗe ga mai gyara ya tafi sallah ya dawo. Yaron da ya buɗe wa Hajiya asusun Google da Facebook shi ya zaɓa mata kalmar sirri, yana kuma tune da ita. Ana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya a tura ta WhatsApp don a karɓo kuɗi, hoton ya zauna a wayoyi uku ko huɗu har abada. Ana sa GB WhatsApp don kwalliyarsa, alhali ba kamfanin WhatsApp ya yi shi ba, ba wanda zai lamunce maka inda saƙonninka ke biyawa. Manyan ma ba su tsira ba: a Afrilun 2021 an zubar da lambobin waya da sunayen masu Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 a fili. A Nuwambar 2020 kuma 'yan jarida sun bankaɗo cewa manhajar lokutan sallah ta Muslim Pro tana ba wani kamfanin dillancin bayanai wuraren da masu amfani da ita suke, kamfanin kuma yana da ciniki da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja, amma sun yanke hulɗa da dillalin. Manhajar da aikinta nuna alƙibla ne tana da dalilin sanin inda kake lokacin da ka buɗe ta. Fitilar waya ko wasan yara da ke neman izinin ganin lambobin mutanenka da hotunanka ba su da wani dalili.

Kai da ke aiko kuɗi gida, ga wadda ta fi kusa da kai. Za a kira Baba ko uwargida a ce an turo musu wasu lambobi shida bisa kuskure, don Allah su karanto. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinsu ne. Da sun karanta, asusun ya koma hannun mai kiran, da hoton Baba da sunansa, sai saƙo ya same ka a Abijan cewa an kwantar da wane asibiti, a turo kuɗi ta NITA ko Amana da sunan wani da ba ka sani ba. Maganin yana cikin manhajar kanta: a shiga saituna a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri da mai wayar kaɗai ya sani. Minti biyu ne. Ku kuma yi alkawari a gidan cewa duk maganar kuɗi sai an ji murya ta kira, kuma lambar da ta shigo ta saƙo ba a karanta wa kowa ita, ko ya ce daga kamfani yake.

Da gidana ne, ga yadda zan yi. Kyamara ɗaya ko biyu masu igiyar waya, a waje, ɗaya a daidai tsayin da za ta ga fuskar mai tsayawa a ƙofa, ɗaya inda ake ajiye babura, da fitila a kansu. Akwatin naɗi a ɗaki mai kulle, da batir. Irin wannan yana aiki ba tare da intanet ba sam, hoton yana zaune a gidan, ba ya zuwa rumbun kowa. Ka rasa kallo daga Abijan, amma ka tambayi zuciyarka me za ka iya yi daga can ƙarfe uku na dare wanda maƙwabcin da ke da lambarka ba zai riga ka ba. Idan ka ga lallai sai ka gani, to a buɗe asusun da layinka da wayarka, a kashe ɗaukar murya, mai kafawa ya juya baya ka sa kalmar sirri da hannunka, doguwa, ba shekarar haihuwa ko lambar waya ba. Kafin ka sallame shi ya buɗe manhajarsa a gabanka ya goge gidanka, kai kuma ka duba jerin waɗanda aka raba wa kallo. Mai sana'ar kirki ba zai ji haushin wannan ba. Duk wata a sa wani ya goge gilashin, ya mayar da hoton jiya ya tabbata yana nan kuma agogon daidai yake.

Kada a yi komai kana can. Ka bari sai ka zo Babbar Sallah, a kawo allon a ajiye a zaure, mai aiki yana kan tsani, Baba yana zaune yana kallo da idonsa abin da take ɗauka da abin da ba ta ɗauka. Inda ya ce a karkata, a karkata. Idan ta hango ko da gefen katangar maƙwabci, a sauke ta ƙasa. A nuna masa wayar da zai zare idan ya so ta rufe ido. In bayan duk wannan ya ce shi dai bai so, ku bar masa gidansa yadda yake so, ku sa wa baburan tasu na'urar, sauran kuɗin a ƙara wa ƙofa ƙarfe a sayi fitila mai aiki da hasken rana.